Bindiga Ta Hannu

Duk wanda ya tashi a Kano ya san ƙa'idar sayen kayan hannu. In waya ce a Farm Centre, sai ka sa layinka ka kira wani, ka duba batir, ka leƙa ko an taɓa kwance ta. In mota ce, ka zo da bakanikenka ya shiga ƙarƙashinta, ya saurari kukan inji, ya shafa jiki ya ji inda aka yi ciko. Bayan duk wannan akwai tambaya guda da ba a tsallakewa: me ya sa mai abin yake sayarwa? Dillali zai yi maka ƙarya, kai ma ka san ƙarya ce, amma dai sai ka tambaya, don wani lokacin a cikin ƙaryar ake tsintar gaskiya.

Da wannan tarbiyyar na zo Amurka. Da ita na sayi motata ta farko, da kujerun falo, da injin wanki. Bara kuma da ita na zauna auna cinikin bindiga.

Ina zaune a Hustan ta jihar Teksas, can kudu maso yammacin gari, inda 'yan Najeriya suka yi yawa har garin kwaki da manja ba sa wuyar samu. Sana'ata tuƙin tirela. In na fita ranar Litinin, sau da yawa sai Juma'a ko Asabar nake sake kwana a gida. Ina barin maiɗakina da yara uku, babbar shekararta 13, autan bai cika 5 ba. Wani dare ina kwance a cikin mota a wajejen Tenesi, wasu suka ɓalle ƙofar maƙwabcinmu da ƙafa. Bango ɗaya ne tsakaninmu da shi. Maiɗakina ta ji komai, ta kwashe yara ta shige banɗaki da su ta kulle, ta kira 911 tana magana ƙasa-ƙasa. 'Yan sanda sun zo, amma ɓarawo ba ya jiran kowa. Ba a taɓa mu ba, ko cokali ba mu rasa ba. Barci kawai muka rasa, ita a gida, ni a hanya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai ba sai an ce ka nemi ruwa ba.

Da na ba abokan aiki labari a tashar manyan motoci, bakinsu ya zo ɗaya: ka sayi bindiga. Wani ya ƙara da cewa in zan saya in sayi mai lamba 45, wai ita ce in ta sami mutum ba ya sake tambayar komai. Lambar nan faɗin harsashin take nufi, kashi 45 cikin 100 na inci, wato milimita 11 da ɗoriya. Dalmar da ke kansa ta kai nauyin giram 15, kusan ninkin ta ƙaramin harsashin nan mai milimita 9 da yawancin 'yan sandan ƙasar ke ɗauka.

A wani shagon sayar da makamai na gan ta, a kwance cikin gilashi tare da 'yan'uwanta na hannu. Ƙirar Colt ce, samfurin da ake kira 1911. Baƙin fentinta ya ɗan koɗe a gefen baki, inda kube ya daɗe yana gogarta, katakon mariƙinta kuwa ya yi sulɓi saboda tafin hannun wani. An rubuta dala 700 a jikin 'yar takarda, sabuwarta kuwa sai mutum ya doshi dubu. Da yaron shago ya miƙo mini ita, nauyinta ne ya fara yi mini magana: ta haura kilo ɗaya tun ba a sa mata harsashi ba. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, ta burge ni. Akwai irin kayan da in ka riƙe ka san maƙerinsu ya san aikinsa, kamar tsohon keken ɗinki ko takobin sarauta.

Ban saya ranar ba, don ba a cinikin biri a sama. Na koma na karanta tarihinta a dararen da nake kwana a hanya. Wani Ba'amurke mai suna John Browning ne ya ƙirƙiro ta, sojan Amurka suka karɓe ta a 1911, bayan wani gwaji da aka harba harsashi 6,000 da ita ba ta cije ko sau ɗaya ba. Da ita suka je yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, da Koriya, da Biyetnam, ba su ajiye ta ba sai 1985 da suka koma wa Beretta mai milimita 9. Tana cin harsashi bakwai a gidansa, ana iya ƙara na takwas a baki. Duk danna kunama harbi ɗaya ne, amma ƙarfin harbin shi ke tura marfin sama baya, ya watsar da kwanso, ya ɗora sabon harsashi. Ba ka ɗana komai. Yatsa kawai take jira.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dalilin girman harsashin. Bayan Amurka ta karɓe Filipin daga hannun Sifaniya, ta shiga yaƙi da mutanen Moro, Musulmin kudancin tsibiran, waɗanda suka ƙi miƙa wuya. Sojoji suka riƙa kukan cewa ƙaramar bindigarsu mai lamba 38 ba ta tsayar da mutumin da ya taho da adda ya riga ya sallama ransa. A 1904 aka sa wasu hafsoshi biyu, Thompson da LaGarde, suka yi gwaji a kan shanu masu rai a mayankar Shikago da kuma a kan gawarwakin mutane, suka ce kada a yi ƙasa da lamba 45. Ke nan abin da nake sha'awa a cikin gilashi an auna shi ne da jikin mutumin da aka zo ƙasarsa aka same shi. Wannan bai sa ƙarfen ya zama mai laifi ba, amma ya tuna mini cewa ba don ado aka ƙera shi ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Komawata ta biyu na tafi da bakanikena, wato wani dattijo baƙar fata a unguwarmu, tsohon soja. Ya zare gidan harsashi, ya ja marfi baya, ya leƙa ya tabbatar ba komai a ciki, duk da cewa yaron shago ya yi hakan a gabanmu. Ya ce mini wannan ne darasin farko, kuma shi ne na ƙarshe: kowace bindiga da harsashi a cikinta har sai idonka ya ce babu. Sannan ya haska bututun da fitilar waya yana duba murɗaɗɗun layukan ciki, ko sun cinye ko tsatsa ta yi musu rami. Ya girgiza marfin ya ji ko yana rawa. Ya gwada makullanta biyu, na babban yatsa da na bayan mariƙi wanda sai tafin hannu ya matse shi take tashi. Ya duba ko wani mai ƙaramin sani ya taɓa kai wa cikinta magagari, don a cewarsa abin da ya fi kashe tsohuwar 1911 shi ne gyaran gida. Ya karanta lambar jikinta. Daga ƙarshe ya ce in ban da sifirin da ya kamata a sauya, lafiyarta ƙalau, za ta binne ni ta binne jikokina.

Yabo ya yi mata, amma ni maganar ta zauna mini wani iri. Mota ta hannu tana tsufa ta mutu, waya ta hannu shekara biyu ta zama abin wasan yara. Wannan kuwa duk gidan da ta shiga, sai dai mutanen gidan su tafi su bar ta.

Ya kai ni filin koyon harbi, muka yi hayar irinta. Ko da toshe kunne, ƙarar a ƙirji na ji ta. Tokarinta ba irin na mari ba ne, turi ne mai nauyi, kamar rago ya tunkuɗi tafin hannunka. Bayan akwatin harsashi guda na fara samun tsakiyar takarda daga taku bakwai, har na ji wani daɗi na yaro. Dattijon ya bar ni na gama murna, sannan ya ce takarda ba ta motsi, ba ta ihu, ba ta zuwa ƙarfe uku na dare, kuma ba a taɓa samun ɗan wani yana barci a bayanta ba. Ya nuna mini kaurin bangon gidajen hayarmu da yatsu biyu. Allo ne na farar ƙasa, ba bulo ba, harsashi yana ratsa shi kamar allura a tsumma. Ya kuma gaya mini cewa hukumar FBI kanta ta koma wa milimita 9, saboda jami'anta sun fi samun abin da suka auna da shi, kuma harsashin zamani ya rage tazarar da ke tsakanin ƙarami da babba. Ga shi ya fi araha, mai araha kuwa shi ake yawan gwaji da shi. Babbar lamba, in ji shi, tsoron mai saye take yi wa magani.

Ta fuskar doka babu abin da ya tare ni. Gyara na biyu na tsarin mulkin Amurka, tun 1791, shi ne ginshiƙin 'yancin riƙe makami, kuma mai katin zama na dindindin irina yana iya saye. Za ka cika takarda mai lamba 4473, ka amsa ko an taɓa ɗaure ka, ko kana shan ƙwaya, ko kotu ta taɓa kama ka da dukan iyali. Mai shago ya tura sunanka a bincika, sau da yawa kafin ka gama zagaya shagon amsa ta dawo. Tun 1 ga Satumba 2021 ma, a Teksas wanda ya kai shekara 21 yana iya yawo da ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba. Na fi shan wahala wajen samun lasisin tuƙin tirela nesa ba kusa ba. Sauƙin nan shi ya ƙara sa ni jan ƙafa, don inda hukuma ba ta yi maka tambaya da yawa ba, ragowar tambayoyin a wuyanka suke.

Saura tambayar Kano. Na ce wa yaron shago, me ya sa mai ita ya sayar? Bai yi mini ƙaryar dillalai ba. Ya ce wata tsohuwa ce ta kawo, ta mijinta ce da ya rasu. Ta ce jikokinta sun fara zuwa hutu wurinta, ba ta son ta a gidan.

Na daɗe ina juya wannan amsar. Matar nan ta zauna da bindigar shekara da shekaru, ta san ta fiye da ni da dattijon da yaron shago. Saboda yara ta fitar da ita daga gidanta, ni kuma saboda yara nake son shigar da ita nawa. Ɗayanmu ya fi ɗaya gaskiya, ko kuwa kowa da irin gidansa?

Da na kai maganar gida, maiɗakina ta bari yara suka yi barci, sannan ta ce, “Baban Ummi, in tambaye ka. In ka saya, da ita za ka riƙa tafiya ko a nan za ka bar ta?”

Na ce a nan mana, ai don ku ne. Kamfaninmu ma bai yarda direba ya ɗauki makami a mota ba, ga kuma dokar kowace jiha daban.

Ta ce, “To ashe ni za ka saya wa. Ni ce zan tashi cikin duhu, hannuna yana rawa, yaro yana riƙe da zanena. Ka tambaye ni ko zan iya harbin mutum?”

Ta ci gaba, a hankali, kamar mai lissafin cefane. In an kulle ta a akwati, harsashi a wani wuri daban, kafin ta haɗa su wanda ya ɓalle ƙofa ya iso. In an bar ta kusa da hannu a shirye, to kusa da hannun autanmu take, wanda ya riga ya gano inda take ɓoye alewa a saman firij. Dokar Teksas ma tana kama babban da ya yi sakaci har yaro ɗan ƙasa da shekara 17 ya kai ga bindiga mai harsashi. Amma ita ba ɗauri take tsoro ba. Ta ce, “Daren da ɓarayi suka zo dare ɗaya ne. Sauran dararen shekara fa, mu da wa za ta kwana?”

Alƙaluma suna bayanta, na kuwa duba su. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka, kuma fiye da rabinsu su suka harbe kansu. Tun 2020 bindiga ta zarce haɗarin mota a matsayin abin da ya fi kashe yara da matasa a ƙasar. Masu bincike na Jami'ar Stanford sun bi miliyoyin mutanen Kaliforniya shekara da shekaru, suka gano cewa namijin da ya mallaki ƙaramar bindiga ya ninka wanda ba shi da ita kusan sau takwas wajen yiwuwar kashe kansa da harbi. Kowa in ya karanta irin wannan sai ya ce ai ba irin gidana ake nufi ba. Ni ma haka na ce. Amma ina da 'ya mai shiga shekarun da yaro kan rufe ƙofa ya yi kuka a kan abin da babba bai sani ba, a ƙasar da take baƙuwa a makaranta, baƙuwa kuma in mun je gida. Ni kaina na san dararen da bashi da gajiya da kewar gida suke haɗuwa su zauna wa mutum a ƙirji. Irin wannan daren yana wucewa in gari ya waye, matuƙar babu abin da zai hana shi wayewa a cikin durowa.

Sai na tuna bindigar kakana. Maharbi ne a ƙasar Faskari, yana da bindigar toka a rataye a bangon ɗakinsa. Kafin ta tashi sai an zuba albarushi, an cusa tsumma, an danƙara da sandar ƙarfe, an sa dalma, an sake danƙarawa. Mai fushi kafin ya gama wannan hidima, ko dai zuciyarsa ta sauka ko wani ya riƙe masa hannu. Ita kanta bindigar tana ba mutum lokacin tunani. Abin da Browning ya yi fice a kai shi ne kawar da wannan lokacin. A fagen yaƙi alheri ne ga soja, a ɗakin kwana kuwa wani abu ne daban.

Akwai kuma launin fatata, wanda ba a rubuta a takarda mai lamba 4473 cewa zai sauya lissafi ba, amma yana sauyawa. A Yulin 2016 a Minesota, ɗan sanda ya tsayar da Philando Castile a mota. Yana da lasisin bindigarsa, ya kuma faɗa wa ɗan sandan da bakinsa cewa yana ɗauke da ita. Cikin daƙiƙoƙi aka harbe shi, budurwarsa da 'yarta mai shekara 4 suna cikin motar. A Oktoban 2019 a Fort Worth, nan Teksas, Atatiana Jefferson tana wasan bidiyo da ɗan 'yar'uwarta mai shekara 8 ta ji motsi a bayan gida. Ta ɗauko bindigarta ta leƙa taga, ashe ɗan sanda ne a waje, ya harbe ta ta tagar ɗakinta. Ta yi daidai abin da ake sayen bindiga dominsa. Na hango maiɗakina da hijabinta, da Turancinta mai karin Kano, riƙe da baƙin ƙarfe a daidai lokacin da waɗanda ta kira suka iso.

Ba na cewa duk mai bindiga ya yi wauta. Akwai ma'aikaciyar jinya a layinmu da ke dawowa gida ƙarfe biyu na dare ita kaɗai, tana da tata, tana zuwa gwaji duk wata, kuma ban ga abin da zan ce mata ba. Na kuma kira Kawu a Faskari na ba shi labari, ya yi wata dariya marar daɗi. Ya ce, “Ɗana, wato ku a shago ake sayar muku, har kuna shawara?” Su da 'yan bindiga suka hana noma, waɗanda gwamnan Katsina na lokacin ya ce wa su nemi makami su kare kansu, gwamnatin Zamfara ma ta faɗi haka a 2022, alhali dokar makamai ta ƙasa ta sa ƙaramar bindiga cikin abin da talaka ba ya samun izininsa. Ban yi masa musu ba, ba ni da bakin yi. Amma da na gaya masa cewa ba na gida kwana biyar a mako, kuma ga yara, sai ya yi shiru, ya ce, “To wannan kuma maganar uwar ɗakin ce. Mu nan bindiga tana hannun wanda ke kwana a ƙofa.”

A kan haka muka tsaya. Dala 700 ɗin ta tafi wani wajen. Mun sauya ƙarfen da ke riƙe kubar ƙofa da mai kauri da dogayen kusoshi, mun sa sandar tokare ƙofa da kyamara, mun nemi mai gida ya mayar da mu hawa na biyu da wani ya tashi. Na karɓi aikin jigila tsakanin Hustan da Dalas, kuɗinsa bai kai na doguwar hanya ba, amma ina kwana a gida dare biyar cikin bakwai. Wannan ragin albashin shi ne mafi tsadar abin da na saya a cinikin nan gaba ɗaya.

Maganar bindiga ba mu rufe ta ba. Maiɗakina ta kafa sharuɗɗa uku: in har za ta shigo, ita za ta zaɓa daidai hannunta ba daidai labarin direbobi ba, sai ta yi wata shida tana zuwa koyo, kuma akwatin ƙarfe mai lambobin sirri zai riga ta shiga gidan. Na ukun mun cika shi. Akwatin yana can a ɗaure da kusoshi a cikin kabad, fasfo ɗinmu da takardun haihuwar yara ne a ciki. Na farko da na biyu suna hannunta, ban kuma sake tayar da zancen ba.

Dattijon ya ce mini bayan mako biyu wani ya saye Colt ɗin. Ya ɗan ji haushi, don a ganinsa an yi mini gaba da kaya mai kyau, kuma gaskiyarsa, kaya ne mai kyau. Ƙofar maƙwabcinmu an gyara ta, sai dai har yanzu ana ganin sawun takalmi a jikin fentin, kuma maiɗakina ba ta daina farkawa in iska ta buga taga ba.